Yadda Za Ki Ɗauki Hoton Jariri a Ɗakin Mai Jego Ba Tare da Filashi Ba

Lokacin da yayata ta haifi ɗanta na biyu, ni aka miƙa wa waya aka ce in ɗauke shi hoto kafin 'yan barka su cika ɗakin. Na ɗauka ya fi sau 30. Da na zauna da daddare ina dubawa, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum. A wasu yaron ya fito shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a ruwan bula, a wasu hannunsa ya zama hayaƙi don ya motsa, sauran kuma filashi ya daki man da aka shafa masa, goshi na ƙyalli kamar sabon faranti. Na ce gobe na sake. Ban samu komawa ba sai ranar suna, kuma kafin in iso wanzami ya riga ya sauke sumar nan mai laushi da ya zo da ita duniya. Har yau ba mu da hotonsa da gashin haihuwa.

Na daɗe ina ɗora wa wayar laifi, alhali ɗakin ne ban fahimta ba. Ɗakin mai jego a rufe yake: taga a kulle saboda iska, labule a sauke, ƙwan lantarki ɗaya a tsakiyar rufi, in an ɗauke wuta a kunna fitilar caji. Mai riƙe da waya in ta ga duhu sai ta shiga ƙara fitilu, nan ne kuma hoton yake lalacewa. Abin da ake yi shi ne a kashe su duka, a nemo haske guda ɗaya mai kyau, a ɗauki yaron a kai shi wurinsa. Da mace nake magana a nan, don yawanci ƙanwa ko ƙawa ce take shiga ɗakin a kwanakin nan, amma uban yaro ma in ya bi matakan zai samu abin da yake so.

Zaɓi rana da lokaci

Rana ta 5 ko ta 6 bayan haihuwa ta fi. Kumburin fuska na haihuwa ya sauka, sumar tana nan, kuma a yawancin gidaje an yi wa mai jego lalle da kitso na shirin suna, wanda zai yi miki amfani nan gaba. Ranar suna kanta ki manta da ita, hayaniya ce, yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu. In suna ya wuce ba ki samu dama ba, har zuwa mako biyu jariri yana yawan barci mai nauyi yana dunƙulewa, daga nan kuma sai ya fara miƙewa yana farkawa da ƙaramin motsi.

Ki je da hantsi, bayan an yi masa wanka, ya sha nono ya ƙoshi, ya yi gyatsa. Sabon jariri yakan nemi nono duk bayan awa 2 zuwa 3, saboda haka abin da kike da shi bai wuce awa ɗaya mai kyau ba. Ki roƙi mai yi masa wanka, kaka ce ko gwaggo, ta sassauta mai a fuska ranar, ta bar hoda. Mai yana mayar da haske, hoda kuma tana fitowa toka-toka a kan baƙar fata. Kwalli ma a bar shi, ba don hoto kaɗai ba: kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Turaren wuta a jinkirta shi sai kin gama, hayaƙinsa yana sa hoto ya yi hazo.

Nemo hasken

Ki shiga ɗakin, ki kashe ƙwan lantarki, ki kashe talabijin. Za a ce miki ai ya yi duhu, ki ce a ba ki minti biyu. Dalilin kashewar shi ne kowane haske da launinsa, ko da idonmu ba ya lura. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, jan ƙwai na da yana wajen 2700, farin ƙwan LED da fitilar caji suna kaiwa 6500, shi ya sa suke shuɗi. Kyamara launi ɗaya take iya daidaitawa a lokaci guda. In biyu suka haɗu a fuskar yaro, gefe ɗaya zai yi ruwan lemo, ɗayan ya yi bula, kuma babu gyaran da zai raba su daga baya.

Yanzu ki buɗe taga ko ki ɗage labulen ƙofa. A gidajenmu na gargajiya tagogi ƙanana ne kuma suna sama, don haka ƙofar da take kallon tsakar gida ita ce babbar tagarki. Sau da yawa wuri mafi kyau a gidan gaba ɗaya shi ne taki ɗaya daga bakin ƙofa ta ciki, inda haske yake shigowa amma rana ba ta taɓawa. Ki miƙa hannunki ki riƙa juya shi a wurare daban-daban. Inda kika ga bayan hannunki ya fito da launinsa na gaskiya, inuwar yatsu ta yi laushi ba ta da kaifi, nan ne wurin.

Kada rana ta faɗa kan yaron kai tsaye. Tagar gabas ki yi amfani da ita bayan azahar, ta yamma da safe. Masu koyar da hoto na Turai suna cewa tagar arewa ba ta taɓa shigo da rana, amma wannan lissafin ƙasarsu ne. A Kano da Katsina da Maraɗi, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tana ratsawa ta ɗan arewa da tsakar ka, don haka ki duba da idonki kawai. In rana ce take shigowa kuma babu wata tagar, ki rataya farin mayafi mara kauri ko farin zanen gado a jikinta. Ki tabbata fari ne. Labule ja ko kore zai rina yaron da launinsa.

Nisa shi ne abin da aka fi rainawa. Haske yana mutuwa da sauri in ana nisa da taga: abin da yake a mita 1, in kika koma mita 2 zai iya raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gadon mai jego kuwa yawanci yana can ƙuryar ɗaki. Jawo yaron kusa da ƙofa da taki biyu ya fi miki sayen sabuwar waya.

Shimfiɗa da kwantarwa

A ƙasa za ki yi aikin. Ki sauke ƙaramar katifa ko ki ninka bargo a kan darduma, ki rufe da zani mara ado. Atamfa mai manyan zane tana janye ido daga fuskar yaro, fari tas kuma yana ruɗa kyamara, zan zo kan wannan. Ruwan madara, ruwan toka ko ruwan ƙasa sun fi. Ki ja zanen ya miƙe, don duk wata tattara tana fitowa a hoto fiye da yadda take a ido.

Ki kwantar da shi rigingine, kansa ta ɓangaren haske, ƙafafunsa ta cikin ɗaki, sannan ki ɗan karkata shi yadda hasken zai gangaro daga goshi ta gefe ɗaya zuwa haɓa. Alamar kin dace ita ce 'yar ƙaramar inuwa a ƙarƙashin hanci da leɓen ƙasa. In inuwar hancin ta haura sama wajen ido, hasken daga ƙafa yake zuwa, kuma irin hasken nan ne na wanda ya haska tocila a ƙarƙashin haɓarsa don ya tsorata yara. Ki juya shimfiɗar gaba ɗaya, ba wuyan yaron ba.

Gefen da ba ya kallon taga zai yi duhu. Ki sa wata ta riƙe farin hijabi ko farin kwali a wannan gefen, kamar kamu ɗaya daga fuskarsa, ya riƙa mayar da hasken. Ki matso da shi ki ja da shi baya kina kallon fuskar wayar, za ki ga inuwar tana buɗewa tana rufewa. Kada ki kashe inuwar duka, ita ce take fito da kumatu.

Hotunan da kike gani a Instagram na jariri ya tallafe haɓa da hannu biyu, ko yana lilo a cikin zani, haɗi ne: hoto biyu ko uku ake ɗauka babba yana riƙe da kan yaron, sannan a goge hannun a kwamfuta. Wuyan sabon jariri ba ya ɗaukar kansa, kada ki gwada. Kada a ɗora shi kan tebur ko bakin gado ko cikin kwando mai tangaɗi, kuma kowane lokaci a samu babba zaune dab da shi. In za ki rage masa kaya, ki tuna jikinsa yana saurin yin sanyi, balle da hunturu kuma ga ƙofa a buɗe. Minti biyar ya isa, a mayar da shi cikin shawul. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don a ɗumama shi kuwa haɗari ne, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Ki wanke hannu kafin ki taɓa shi, ki murza tafukanki su yi ɗumi, in ba haka ba zai zabura ya watsa hannuwa, barcin ya tashi.

Saita wayar

Ki fara goge idon kyamarar da gefen mayafinki. Wayar da ta kwana a hannun mai shafa wa jariri mai, idonta a dushe yake, kuma rabin hotunan da ake cewa waya ba ta da kyau wannan ne ciwonsu.

Ki kashe filashi, ki tabbata a kashe yake ba a kan zaɓin da waya take kunna shi da kanta ba. Likitocin ido ba su ce walƙiya ɗaya tana makantar da jariri ba, kamar yadda ake yaɗawa. Matsalarsa ita ce yana firgita yaro, yana daddaɓe fuska ta zama ba tudu ba kwari, ya bar baƙar inuwa a bango. Ki kashe ƙarar ɗaukar hoto. Ki kashe mai gyaran fuskar nan da yake zuwa a kunne a yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Itel, don zai goge saɓar fata da 'yan gashin kafaɗa, abubuwan da uwar za ta so gani bayan shekara 10, ya kuma ƙara wa yaron farin da ba nasa ba.

Ki tsaya a kan 1x, wato babbar kyamarar ba tare da an jawo hoto ba. Babbar kyamarar waya ita ce mai faɗin ido, ita ta fi shan haske. Ta 0.5 da ta jawo nesa duk sun fi ta rauni a duhu, jawo hoto da yatsu kuwa yanka shi kawai yake yi. In kina son kusa, ki matsa da jikinki, amma ki bar aƙalla kamu ɗaya tsakanin wayar da fuskarsa, don in kin cika matsowa hanci zai yi girma, kunnuwa su gudu baya.

Ki taɓa idon yaron da ya fi kusa da ke a fuskar wayar, ki danne har ta kulle a wurin. Wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, ita ce ta ƙara haske ko ragewa. Nan ne maganar farin zani ta shigo. Kyamara tana auna hasken abin da ya fi yawa a gabanta. In farin shawul ya cika hoton, sai ta ɗauka wurin ya yi haske da yawa ta rage, fuskar yaro mai duhun fata ta nutse. In haka ta faru ki ja alamar sama kaɗan har kumatu su fito, ko da shawul ɗin zai ɗan ƙone. In kuma bayan yaron duhun ɗaki ne, waya takan wuce gona da iri wajen haskawa, sai ki ja ƙasa. Fatar yaron ita ce ma'auninki, ba zani ba, ba bango ba.

In kyamarar wayarki tana da sashen Pro, inda ake saita ta da hannu, lambobi biyu za ki kula da su. Na farko saurin ƙiftawar kyamara, wanda ake rubutawa 1/30, 1/60, 1/125 na daƙiƙa. A duhu waya takan sauka zuwa 1/15 ko ƙasa da haka don ta tara haske, a wannan ɗan lokacin kuma hannunki ya motsa, yaron ya yi numfashi, hoto ya yi dishi-dishi. Ki sa 1/125 in yana barci, 1/250 in idonsa biyu yana wutsil-wutsil. Na biyu ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara: ki ɗaga shi har hoton ya yi haske, 400 ko 800 a waya. Sama da haka hoto yana yin yashi-yashi. In dole sai kin zaɓa, ki zaɓi yashin. Ana iya rage shi wajen gyara, amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan.

Mai babbar kyamara irin Canon ko Nikon, gilashin gaba (lens) na 18-55 da yake zuwa da ita in an jawo shi zuwa 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f in ta yi ƙasa, ido ya fi buɗewa). Gilashin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Sai dai a f/1.8 abin da yake fitowa tar siriri ne ƙwarai, ido ɗaya zai fito ɗayan ya dushe, don haka na fi son f/2.2 zuwa f/2.8, ISO 1600 ko ma 3200 ba tare da fargaba ba. Ki rataya igiyar a wuya duk lokacin da kike sama da yaron.

Ɗaukar kanta

Ki zauna ko ki durƙusa, ki manne gwiwar hannu a jikinki ko ki dogara ta a kan matashi, ki saki numfashi sannan ki danna. Maɓallin ƙarar murya na gefen waya ya fi taɓa fuskar wayar rashin girgiza. Kowane tsayi ki ɗauka sau biyar ko shida, ɗaya zai fi sauran fitowa.

Ki fara da abin da ba ya buƙatar a taɓa shi: duk jikinsa daga sama, wayar a riƙe da hannu biyu, sannan fuska. Ki tsaya ta wajen kansa kaɗan kina kallon gangaren hanci, kada ki ɗauka daga wajen ƙafa kina leƙen ƙofofin hanci. Sai ki sauko daidai shimfiɗa ki ɗauki gefen fuska, hasken yana bin goshi da leɓe. Sai sumar, daga baya da daga sama, har da makwantar gashin da take murɗewa a tsakar ka, tunda jibi ba za ta kasance ba.

Daga nan ki kira uwar. In haihuwar fari ce, mai yiwuwa kunya ba za ta bar ta ta rungume shi a gaban manya tana kallon kyamara ba, kuma kada ki matsa mata. Ki ce, "Yaya, ba fuskarki zan ɗauka ba, hannu kawai ki ba ni." Tafukan da suka sha lalle sun tallafo 'yan ƙafafun nan biyu, ko ɗan yatsanta a cikin damƙarsa, irin hoton nan ya fi na fuska daɗewa a bango. In ta saki jiki, ki zaunar da ita gefenta ga ƙofa, kada ta ba ƙofar baya, yaron a ƙirjinta tana kallonsa. Kaka ma haka, hannunta mai tamoji kusa da sabuwar fata. In ya farka ya fara kuka ki ajiye wayar, a ba shi nono, ki sha kunun kanwarki ki jira.

In dare ne, ko gari ya yi duhun hadari

Fitila ɗaya za ki yi amfani da ita, kuma ba za ki haska yaron da ita ba. Ki juya fitilar caji ta kalli farin bango ko farin zanen da aka rataya, kamar taki ɗaya daga shimfiɗar, ta ɓangaren kansa. Bangon sai ya zama tagarki, haske ya dawo da faɗi da laushi. In bangon fenti mai launi ne, ki rufe shi da farin zani. Kada ki lulluɓe fitila mai zafi da tsumma. Shuɗin fitilar kuma ki gyara shi a sashen Pro, wurin da aka rubuta WB, ki ja lambar zuwa wajen 6000 ko 6500 har farin zanen ya zama fari a idonki.

In da wutar lantarki kike aiki kika ga ratsi-ratsi masu duhu suna gilmawa a hoton, wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan yana ƙiftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Ki sa saurin a 1/100 ko 1/50, ratsin zai ɓace. Da wutar janareta abin yakan ƙi daidaituwa, gara ki koma fitilar caji ki ƙure haskenta.

Sashen dare na waya, wanda iPhone ta fara sakawa daga iPhone 11 a 2019 kuma yanzu kusan kowace waya tana da irinsa, hotuna da yawa yake ɗauka cikin daƙiƙa 2 ko 3 ya haɗe su. Yana aiki sosai ga yaron da ya yi nisa a barci, in kin jingina wayar a kan matashi ko tarin littattafai kika sa mata jinkirin daƙiƙa 3 don kada dannawarki ta girgiza ta. Ga yaron da yake motsi ba ya da amfani.

Gyara, da abin da ba a gyarawa

Gyaran ya zama kaɗan: ki yanke gefen da bokiti ko ledar famfas ta shigo, ki ɗan buɗe inuwa, ki rage ja in ya yi yawa. Jarirai da yawa suna zuwa da haske ko ja-ja, launinsu na gaskiya yana zaunawa a hankali cikin makonni, don haka kada ki yi ta fama sai ya yi kama da iyayensa. Hoton da launinsa ya gagara, ki mayar da shi baƙi da fari, yashin ma sai ya zama ado.

Launi ɗaya ne ba na so ki taɓa. In a hasken ƙofa kika ga farin idon yaron ko dasashinsa ya yi rawaya, ko kika danna goshinsa da yatsa wurin ya fito ruwan ɗorawa, wannan ba laifin kyamara ba ne, alamar shawara ce, kuma hasken ƙwan ɗaki yana ɓoye ta. Watakila ke ce ta farko da ta kalle shi a hasken rana tun da aka dawo daga asibiti. Ki gaya wa uwar da kakar a kai shi a auna a ranar, balle in rawayar ta sauko ciki da tafin hannu da na ƙafa, ko ya rage kama nono. Shanya shi a rana ba ya maye gurbin awon.

Kafin ki tura wa kowa ki tambayi iyayen. Gidaje da yawa ba sa son hoton yaro ya fita kafin suna, wasu ma har bayansa, don gudun baki, kuma hakkinsu ne. In sun yarda, ki tura ta WhatsApp a matsayin fayil, ko aƙalla ki danna HD, don turawa ta yau da kullum tana matse hoto, wanda aka ɗauka a ƙarancin haske kuma shi ya fi jin jiki. Ki ajiye na asalin a wuri biyu, waya da imel ko katin ajiya, ki zaɓi uku ko huɗu ki kai a wanke su a takarda. Wajen wankin ki ce kada su ƙara haske da kansu, injinsu yakan ɗauki hoton ɗaki a matsayin wanda ya yi duhu ya buɗe shi har inuwar kumatun ta tafi.